Waiwaye: Daga kaset zuwa lasisi, yadda sayen gem ya sauya ma'ana

Na fara buga gem a zamanin da sai an hura bakin kaset kafin a cusa shi cikin na'ura. A wancan lokaci babu wata muhawara kan mallaka: ka biya, ka ɗauki kwalinka, ya zama naka. Kana iya ba abokinka aro, ku yi musaya, ko ka sayar idan ka gama ka cika kuɗi ka sayi wani. Haka aka taho tun daga Atari 2600 ta 1977 har Famicom da Nintendo ta fitar a Japan a 1983. Da Sony ta zo da PlayStation a ƙarshen 1994, faifan CD ya ture kaset, don ya fi arahar bugawa kuma ya fi ɗaukar kaya. Abin da ke hannunka ne ya sauya siffa, haƙƙinka a kansa bai taɓu ba.

Shagunan intanet sun shigo ne a hankali. Xbox 360 ta zo da nata a 2005, PlayStation Store da Wii Shop Channel suka biyo baya a 2006, kuma da farko ƙananan wasanni da tsofaffi ne suka cika su. Ko da Sony ta gwada PSP Go a 2009, wadda ba ta da wurin sa faifai, masu saye ba su yi rububinta ba.

Abin da ya tsaya wa kamfanoni a maƙogwaro shi ne cinikin faifai na hannu. Faifai ɗaya zai iya ratsa hannun mutum biyar, amma sau ɗaya kamfanin da ya yi wasan ke ganin kuɗi. A 2010 EA, kamfanin yin gem, ta fara sa lambar sirri a cikin kwali, wanda ya sayi na hannu sai ya ƙara dala 10 kafin ya buga da wasu ta intanet. A 2013 kuma Microsoft ta sanar cewa Xbox One za ta buƙaci haɗuwa da intanet sau ɗaya a kowace awa 24, tare da taƙaita aro da sayar da faifai. Masu buga gem suka yi caa. Sony ta saki wani gajeren bidiyo da ke nuna yadda ake aron wasa a PS4: wani ya miƙa wa wani kwali, shi ke nan. Kafin watan Yuni ya ƙare Microsoft ta janye. Na yi murna ƙwarai a lokacin, na ɗauka magana ta mutu.

Ashe abin da muka ƙi da aka zo mana da ƙarfi, shi muka karɓa da aka zo da lallami. Game Pass, tsarin Microsoft, ya fara a 2017, ka biya kuɗin wata ka samu ɗaruruwan wasanni, ka daina biya su rufe. A 2020 PS5 ta fito kashi biyu a Amurka, mai wurin faifai dala 499, marar shi dala 399, Xbox Series S kuwa dala 299 ba ta san faifai ba sam. PS5 Pro ta 2024, wadda ta fi su tsada da ta fito a dala 699, sai ka sayi wurin sa faifan daban.

Ni ma ina saukewa, kuma ban raina amfaninsa ba. Wasan ƙwallo da nake taɓawa kusan kullum ba na son tashi in sauya masa faifai. Ƙananan kamfanoni da ba su da ƙarfin buga kwali da rarraba shi, ta nan suka samu hanyar kaiwa gare mu. Sai dai na lura da yadda rangwamen intanet ya sauya mini hali. Da ina tara kuɗi in sayi wasa ɗaya, in zauna a kansa wata biyu har in san kowane lungu nasa. Yanzu ina da jerin wasannin da na biya don kawai farashinsu ya faɗi, ban ko buɗe su ba, kuma babu wanda zan iya sayarwa ko in ba ƙanena.

Rufe shaguna ne ya fito da ainihin matsalar fili. Wii Shop Channel ya rufe a Janairun 2019, shagunan 3DS da Wii U a Maris 2023, na Xbox 360 a Yulin 2024. Wanda ya riga ya saya yana iya sake saukewa, amma wasan da bai taɓa fitowa a faifai ba, sabon mai so ba shi da halastacciyar hanyar samunsa. Lamarin wasan tseren mota The Crew ya fi ciwo: da kamfanin Ubisoft ya kashe sabobin wasan, wato kwamfutocin intanet da wasan ba ya aiki sai da su, a ƙarshen Maris 2024, har masu faifai a hannu suka rasa shi, kuma daga nan aka fara gangamin Stop Killing Games, wato "a daina kashe wasanni". A shekarar ne jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta hana shagunan intanet rubuta "saya" ba tare da sun bayyana cewa lasisi ne ake ba mutum ba.

Kwalin ma yanzu ba kullum yake ɗauke da abin da muke zato ba. Wasu faifai ɗan ɓangare ne kawai a ciki, sauran sai an sauke. Switch 2 da ta fito a Yunin 2025 ta zo da wani nau'in kati wanda mabuɗi ne kurum, babu wasan a kansa, ko da yake ana iya aronsa da sayar da shi. Saboda haka wasan labari da na san zan so komawa kansa bayan shekara goma, a kwali nake sayensa, kuma kafin in biya sai na duba jikin kwalin na ga ko an rubuta cewa yana buƙatar intanet. Idan an rubuta, nakan mayar da shi in jira rangwame.