Ɗumama batirin motar lantarki da cajinsa a lokacin sanyi

Ɗumama batirin motar lantarki na nufin dabarun da ake bi domin riƙe batirin cikin zafin da ya fi yi masa daɗin aiki a lokacin da gari ya yi sanyi, wasu an gina su cikin motar tun daga masana'anta, wasu kuma suna hannun direba. Kusan dukkan motocin lantarki na wannan zamani suna tafiya ne da batirin litiyom, irin wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991, wanda kuma ya sa aka ba John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino kyautar Nobel ta ilimin sinadarai a 2019. Wannan batir ya fi lafiya tsakanin digiri 15 da 35 a ma'aunin Salsiyos. Idan zafinsa ya sauka ƙasa da haka, nisan da motar ke ci a caji ɗaya yana raguwa, cajin yana yin nawa, idan kuwa ya kai ga daskarewa aka matsa masa da caji mai ƙarfi, yana iya samun lahanin da ba ya gyaruwa.

Abin da sanyi ke yi a cikin batir

Batirin ƙananan ɗakuna ne masu yawa a haɗe, a cikin kowane ɗan ɗaki akwai ɓangarori biyu, ɗaya na girafit, wato baƙin abin da ke cikin fensir, ɗaya na gaurayen ƙarafa, tsakaninsu kuma akwai wani ruwan sinadari da ƙwayoyin litiyom ke ratsawa. Lokacin caji ƙwayoyin suna ƙaura zuwa ɓangaren girafit su shige cikinsa su zauna, lokacin tafiya kuma su komo, wannan kai da komo shi ne ke ba da wutar da ke juya ƙafafun mota. Duk wanda ya taɓa buɗe kwalbar man shanu ko ta zuma da asubahin hunturu a Tahoua ya ga abin da ke faruwa da wannan ruwa: abin da jiya da rana yake zuba da kansa, yau sai an karkata kwalbar an jira shi. Ruwan batir ma haka yake yin kauri, ƙwayoyin su riƙa tafiya da ƙyar, batirin ya kasa fitar da ƙarfinsa gaba ɗaya duk da cewa wutar tana nan a cikinsa. Shi ya sa raguwar da ake gani a tafiya ta ɗan lokaci ce. Da zarar batirin ya ɗumama, yawancin abin da ya ɓuya yana dawowa.

Inda haɗarin gaske yake shi ne wajen caji. Idan batirin ya kai digiri sifiri ko ƙasa da haka, girafit ba ya iya karɓar ƙwayoyin litiyom da saurin da caja ke turo su, sai su taru a bakinsa su zama ɓawon ƙarfe maimakon su shige ciki. Litiyom ɗin da ya zama ɓawo yawancinsa ya fita daga aiki ke nan har abada, ƙarfin batirin ya ragu, kuma a wasu lokuta ɓawon yana tsirowa kamar ƙaya har ya huda siririyar fatar da ke raba ɓangarorin biyu, abin da kan iya haddasa haɗuwar wuta da gobara. Saboda haka ne kwamfutar da ke kula da batirin take rage ƙarfin caji ƙwarai idan ta ji shi da sanyi, ko ta hana shi gaba ɗaya har sai ta ɗumama shi. Direban da ya ga cajin da ya saba yi cikin rabin awa ya koma awa ɗaya da wani abu bai kamata ya ɗauka motarsa ta lalace ba, kariya ce take yi wa mafi tsadar abin da ke jikinta. Wannan dalili ne kuma ke sa birkin da ke mayar da wuta cikin batir idan an ɗaga ƙafa daga totur ya yi rauni da sanyin safiya, domin shi ma caji ne. Wajibi ne direba ya san da haka, ya dogara da birkin ƙafa har motar ta ɗumama.

Inda wutar ke tafiya

Mutane da yawa suna ɗora laifin raguwar nisa kan batirin kaɗai, alhali babban mai cin wutar shi ne ɗumama cikin motar. Injin fetur ko na gazuwal yana zubar da kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin mansa a matsayin zafi, don haka ɗumin da fasinja ke samu kyauta ne. Injin lantarki kuwa ba ya ɓarnar da za ta wadatar, duk ɗumin da za a ji a cikin mota daga batir za a ciro shi. Gwajin da ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta yi a 2019 ya nuna wannan a fili: a sanyin kimanin digiri 7 ƙasa da sifiri, nisan motocin da aka gwada ya ragu da kashi 12 cikin ɗari idan ba a kunna na'urar ɗumama ba, amma ya ragu da kashi 41 idan an kunna ta.

Lissafin ba shi da wuya. A ɗauki mota mai batirin kilowat-awa 60 (kilowat-awa shi ne ma'aunin yawan wutar da aka tara ko aka sha) wadda ke cin kilowat-awa 15 a kowane kilomita 100, wato tana iya kilomita 400 a caji ɗaya. Idan na'urar ɗumama mai cin kilowat 4 ta yi awa biyu tana aiki, ta sha kilowat-awa 8, daidai da fiye da kilomita 50 na tafiya, kuma tana shan wannan ko motar tana gudu ko tana tsaye cikin cunkoso. Abin ɗumama kujera da na sitiyari kuwa wat ɗin da suke ci bai taka kara ya karya ba, shi ya sa ake shawartar direba ya dogara da su, ya rage zafin iskar cikin motar. Bayan wannan akwai ƙananan dalilai: iska mai sanyi ta fi nauyi, tayoyi suna rage iska idan gari ya yi sanyi, dusar ƙanƙara kuma tana riƙe ƙafar mota.

Yadda motar ke ɗumama kanta

Hanyoyi biyu ne suka fi yawa. Ta farko waya ce mai zafi, kamar ta dutsen guga ko ta abin dafa ruwa, wadda ke mayar da kowane kilowat na wuta ya zama kilowat ɗaya na zafi. Ta biyu ita ce na'urar jawo zafi, wadda aikinta irin na firji ne amma a juye: tana tsamo ɗumin da ke cikin iskar waje da wanda injin ke fitarwa ta kai shi inda ake bukata, kuma a matsakaicin sanyi tana ba da zafi ninki biyu ko uku na wutar da ta ci, sai dai amfaninta yana raguwa idan sanyi ya tsananta ƙwarai. Motar Renault Zoe ta fito da ita tun 2012, Tesla kuma ta fara sa ta a Model Y a 2020. A yawancin motoci na yanzu akwai bututun ruwa da ke zagaye batirin, ruwan da ke ɗumama shi da sanyi shi ne kuma ke sanyaya shi da zafi.

Irin batirin ma yana da tasiri. Mai sinadarin ƙarfe da fosfat, wanda ake kira LFP kuma ya yawaita a motocin Sin, ya fi arha, ya fi jure zafi da daɗewa, amma sanyi ya fi kama shi fiye da mai nikel da manganis da kobalt.

Abin da ke hannun direba

Ƙa'ida mafi girma ita ce a bar motar jone da caja duk lokacin da take ajiye cikin sanyi, domin ta ɗauki wutar ɗumama kanta daga layi, ba daga cikinta ba. A kan wannan ne aka gina dabarar ɗumamawa kafin tashi: direba yana sa lokacin fitarsa a allon motar ko a wayarsa, minti ashirin ko talatin kafin lokacin sai motar ta ɗumama batir da kujeru, ta narkar da ƙanƙarar gilashi, ya fito ya tarar da ita a shirye kuma cajinta bai taɓu ba. Wanda zai yi caji mai sauri a hanya kuwa ya kamata ya sa tashar cajin a taswirar motar tun yana nesa, domin motoci da yawa suna fara ɗumama batirin da kansu idan sun san inda aka dosa. Idan motar ba ta da wannan, abin da ya fi shi ne a yi caji da zarar an dawo daga tafiya batirin yana da ɗumi, kada a bari sai da safe bayan ya kwana a waje.

Kada a ajiye mota cikin tsananin sanyi da caji kaɗan. Masu ƙera motoci galibi suna ba da shawarar kada a bari ya sauka ƙasa da kashi 20, domin daga wannan ragowar ce motar za ta ɗumama batirin kafin ya karɓi caji, idan babu ita an shiga tsaka mai wuya. Abin da ya faru a birnin Chicago na Amurka a watan Janairun 2024 ke nan, lokacin da sanyi ya wuce digiri 18 ƙasa da sifiri: direbobi sun iso tashoshin caji da batir mai sanyi kuma kusan fanko, layi ya yi tsawo, wasu motocin suka mutu a layin sai da aka ja su. A ɗaya gefen kuma akwai Norwe, ƙasar da wani yankinta ke cikin da'irar Aktik, wato can ƙuryar arewacin duniya mai tsananin sanyi, inda kusan kashi 89 cikin ɗari na sababbin motocin da aka sayar a 2024 masu lantarki zalla ne. Abin da ya taimake su shi ne yawancin masu motocin suna caji a gida cikin dare kuma sun saba da ɗumamawa kafin tashi. Ajiye mota a gareji ko a wurin da iska ba ta bugawa yana taimakawa ƙwarai, ko da garejin ba shi da abin ɗumamawa.

Akwai kuma ƙaramin batir mai bolt 12, irin na kowace mota, wanda ake yawan mantawa da shi. Shi ne ke tayar da kwamfuta ya haɗa babban batirin da injin, idan sanyi ya kashe shi motar ba za ta motsa ba ko da babban yana cike.

Batun a Nijar

A Yamai da Tahoua sanyin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, yana sa mutane su kwana cikin bargo, masu shayi su cika da jama'a tun kafin fitowar rana, ƴan kabu-kabu su ɗaure kai da rawani, amma a ma'auni daren Janairu yakan tsaya ne a wajen digiri 15 zuwa 17. Ga batirin litiyom wannan bakin iyakar jin daɗinsa ne, ba abin tsoro ba ne. Iyakar abin da direba zai lura da shi shi ne ɗan nawar caji mai sauri da asuba. Lamarin yana sauyawa idan an nausa arewa. Daren Agadez ya fi sanyi, a tsaunukan Ayar raɓa takan daskare a wasu darare, a Bilma kuma an taɓa auna sanyin da ya sauka ƙasa da sifiri. Wanda zai bi hanyar Tahoua zuwa Agadez ta Abalak, mai kimanin kilomita 400, da motar lantarki a cikin hunturu, ga iskar arewa maso gabas tana bugun gaban motarsa, dole ne ya bar rara mai yawa a lissafinsa. Gargaɗin hana caji cikin daskarewa ya fi shafar babura da kekuna masu lantarki da batiran ajiyar wutar rana, domin yawancinsu ba su da abin ɗumama kansu. Wanda ke wurin da ruwa ke daskarewa da dare ya shigar da batirinsa ɗaki, ya jira rana ta ɗaga kafin ya jona shi.

Abin da ya fi cancantar kulawar mai mota a nan shi ne zafin Afrilu da Mayu, lokacin da rana ke wuce digiri 40 a Yamai. Sanyi yana ɓoye ƙarfin batir ya mayar, zafi kuwa yana cin sa a hankali ba ya mayarwa, musamman idan an bar motar a rana da caji cike. Tsofaffin Nissan Leaf, waɗanda batirinsu ba shi da ruwan sanyaya, sun nuna haka a jihar Arizona mai zafi a 2012, inda masu su suka koka da saurin raguwar ƙarfin batir. Tunda yawancin motocin da ke shigowa ƙasar na hannu ne, daga Turai da Amurka ta tashoshin jiragen ruwa na gaɓar teku, mai saye ya kamata ya tambayi ko batirin yana da bututun ruwa, ya sa a jona na'urar bincike a karanta masa lafiyar batirin da kashi nawa ya rage daga ƙarfinsa na asali, ya kuma sa makaniki ya duba ruwan da famfonsa, domin na'urar da aka ƙera don ɗumama batir a sanyin Kanada ita ce za ta sanyaya shi a ranar Yamai.