Me ake nufi da "sauyin farin sashen ƙwaƙwalwa" a ciwon waswasi?

Idan aka tsaga ƙwaƙwalwar mutum, launi biyu ido zai fara gani. Daga waje akwai ɓawo ruwan toka mai kaurin milimita 2 zuwa 4, inda ƙwayoyin jijiya suke zaune. Daga ciki kuwa fari ne. Wannan farin, wanda ya kusa rabin ƙwaƙwalwar, zaruruwa ne da ƙwayoyin suke miƙawa zuwa wasu sassa, an ɗaure su dami-dami kamar wayoyin lantarki a bututu ɗaya. Rigar kitse da ke naɗe da zaren, wadda ake kira mayelin, ita ta ba shi launin. Zare mai kauri da ke sanye da wannan riga, saƙo kan yi gudun mita 100 a daƙiƙa a cikinsa. Wanda ba shi da ita da ƙyar yake wuce mita 1 ko 2.

Ciwon waswasi kuma, wanda likitoci ke taƙaitawa da OCD, shi ne tunani ya riƙa faɗo wa mutum ba da son ransa ba, ya hana shi sakat har sai ya maimaita wani aiki don hankalinsa ya kwanta. Wani wanke hannu yake yi har fatar ta tsage, wani ya koma duba makullin ƙofa sau ashirin alhali ya san ya kulle. Kusan mutum 2 cikin 100 ne ke gamuwa da shi a tsawon rayuwa. Tun a shekarun 1980 hotunan da ke auna aikin ƙwaƙwalwa suka nuna wani zagaye da ke yin aiki fiye da kima a masu ciwon: daga ɓawon da ke saman ramin ido, zuwa curin da ake kira kaudet a can cikin ƙwaƙwalwa, zuwa talamus, tashar da saƙonni ke yada zango a tsakiyarta, sannan ya dawo ɓawon. Tunda farin zare ne ya haɗa waɗannan tashoshi, dole a tambaya ko hanyoyin ma suna da wani abu.

Kafin a je ga amsar, akwai ruɗanin da ya kamata a kawar. A rahoton MRI na yau da kullum, idan likitan hoto ya rubuta cewa akwai sauyi a farin sashe, yawanci wasu ɗigo-ɗigo masu haske yake nufi, waɗanda ke fitowa a nau'in hoton da ake kira FLAIR. Shekaru, hawan jini, ciwon suga ko ciwon ɓarin kai su ne suka fi kawo su. Ba su ne abin da masu binciken waswasi ke magana a kai ba. Mai wannan ciwo, hotonsa na yau da kullum galibi lafiya lau yake fitowa. Sauyin da ake nufi ido ba ya ganinsa, lissafi ne ke fito da shi, ta wata dabarar MRI mai suna DTI da Peter Basser da James Mattiello da Denis Le Bihan suka gabatar a 1994.

Dabarar ba zaren take ɗauka ba, motsin ruwa take bi. A ɗiga tawada a kwanon ruwa, za ta bazu ko'ina daidai wa daida. A ɗiga ta a kan tsagaggen katako, sai ta bi jijiyar itacen ta yi tsawo. Haka ruwan ƙwaƙwalwa yake: a cikin damin zare yana zirga-zirga cikin sauƙi ta tsawon zaren, amma bangon zaren da rigar mayelin suna tare shi ta gefe. Na'urar MRI ɗin, mai ƙarfin maganaɗisu tesla 1.5 ko 3, tana fara ɗaukar hoton da ba a sa masa awon motsi ba. Daga nan sai ta riƙa karkata maganaɗisu zuwa fuskoki daban-daban tana sake ɗauka. Duk fuskar da ruwa ya sami sararin motsi, hoton sai ya dushe. Fuska 6 ce mafi ƙarancin abin da lissafin ke buƙata, amma bincike mai kyau yakan ɗauki 30 zuwa 60, cikin minti 5 zuwa 15. A ɗan lokacin kowane awo, kimanin daƙiƙa 0.05, ƙwayar ruwa ba ta wuce tafiyar maikuromita 10 ko makamancin haka ba, wato kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, tazarar da ta yi kusa da girman ƙwayoyin jiki. Shi ya sa awon ke jin tsarin da ya fi ƙarfin ganin na'urar.

Ana yanka ƙwaƙwalwar a lissafi zuwa ƙananan akwatuna masu kusan milimita 2 ta kowane gefe, kowanne a fitar masa da lambobi. Wadda aka fi ambata ita ce FA, mai tashi daga 0 zuwa 1. Sifili na nufin ruwa na bazuwa ko'ina, 1 na nufin fuska ɗaya tak yake bi. Ruwan da ke cikin kogunan ƙwaƙwalwa yana kusa da 0, ɓawo wajen 0.1 zuwa 0.2, gadar da ta haɗa ɓangaren dama da na hagu, mai zare kusan miliyan 200, tana kai 0.7 zuwa 0.8. Akwai kuma MD, matsakaicin yawan motsin ba tare da kula da fuska ba, da RD mai auna motsin gefe, da AD mai auna na tsawo. A gwajin ɓeraye, zubewar mayelin ta ɗaga RD, raunin zaren kansa kuma ya saukar da AD. Ɗora wannan fassara kai tsaye a kan mutum mai rai, ganganci ne.

A nan ne yawancin masu karanta sakamako suke zamewa. Da sun ga an ce FA ta yi ƙasa, sai su ce zare ya lalace. Abubuwa da yawa na saukar da ita alhali zaren ƙalau yake. Na farko, giciye: inda dami biyu suka ratsa juna a akwati ɗaya, ruwa na bin fuska biyu, lambar sai ta faɗi. An ƙiyasta cewa kashi 60 zuwa 90 cikin 100 na akwatunan farin sashe suna da irin wannan haɗuwa. Har ma akan sami akasi, dami ɗaya ya lalace, FA ta tashi saboda saura fuska ɗaya. Na biyu, motsin kai. Gyaɗawar milimita ɗaya ko biyu ta isa ta ɓata lambar, kuma idan marasa lafiya sun fi masu lafiya motsi a cikin na'urar, bambancin ƙarya ya shigo ke nan. Na uku ya fi cizo a wannan ciwo musamman: ɓawon saman ramin ido yana zaune ne dab da kogon iskar hanci, iska kuma tana murɗe maganaɗisu, hoton wurin ya lanƙwashe. Wato wurin da aka fi son gani shi ne ya fi wuyar ɗauka. Ana rage wannan ta ɗaukar ƙarin hoto da aka juya masa alkiblar karatu, a haɗa biyun a miƙe lanƙwasar. Don kwatanta mutane kuma, akan yi amfani da hanyar TBSS da aka fitar a Oxford a 2006, wadda ke zare tsakiyar kowane dami kawai, ta watsar da duk inda FA ba ta kai 0.2 ba.

To me aka samu? Binciken Philip Szeszko da abokan aikinsa a Amurka a 2005, da majinyata 15 da masu lafiya 15, ya ga FA ta yi ƙasa a farin da ke ƙarƙashin gaban singulet, wani lanƙwasasshen ɓawo da ke saman gadar tsakiya. Bayansa ƙananan bincike sun yi ta fitowa, wani ya ce ƙasa, wani ya ce sama, a gadar tsakiya, a singulum (damin zaren da ke bin ƙarƙashin singulet), a hanyar da ke tsakanin talamus da goshi. Da mutum 15 ko 20 a rukuni, saɓani irin wannan ba abin mamaki ba ne. A 2021 haɗakar masu bincike ta ƙasa da ƙasa mai suna ENIGMA ta tattara hotuna daga cibiyoyi 19: manya masu ciwon 700 da masu lafiya 645, yara masu ciwon 174 da masu lafiya 144. A manya, FA ta ɗan yi ƙasa a dami biyu na bayan ƙwaƙwalwa, masu haɗa talamus da sassan ƙeya da gefen kai, ba a zagayen goshin da aka sa wa ido ba. A yara ba a ga bambanci ba. Raguwar a ɗaya daga cikin damin biyu ta tafi tare da fara ciwon da wuri, da daɗewa da shi, da yawan masu shan magani a rukunin, amma ba ta bi tsananin alamomin ba.

Girman bambancin a damin biyu, a ma'aunin d da ke auna tazarar da ke tsakanin rukuni biyu, 0.21 ne da 0.26. A zahiri hakan na nufin idan aka zana lambobin rukunin biyu, kusan kashi 90 cikin 100 a kan juna suke hawa. A miƙa wa ƙwararre hoton mutum ɗaya, ba zai iya cewa ga rukunin da ya fito ba. Don haka har yanzu da hira ake gano ciwon, a auna tsananinsa da ma'aunin Y-BOCS mai tambaya 10 da maki 0 zuwa 40. Rashin ganin sauyin a yara kuma ya sa ana zargin cewa wani ɓangarensa sakamakon shekarun ciwon ne ko na magani, ba mafarinsa ba. Hoton da aka ɗauka sau ɗaya ba ya raba gardamar, sai an bi mutanen ana maimaita musu hoton shekara da shekaru.

Inda taswirar farin zare ta fara taɓa magani kai tsaye shi ne a 'yan tsirarun da suka gwada magungunan ciwon, wato SSRI da kulomifiramin, da horon fuskantar abin tsoro ba tare da maimaita aikin ba, duk abin ya ci tura. Irin waɗannan akan dasa musu siririyar waya mai aika lantarki a cikin damin da ke ratsawa tsakanin kaudet da curin da ke maƙwabtaka da shi mai suna futamen, hanyar talamus zuwa goshi, aikin da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ba wa izini na musamman a 2009. Zaruruwan wannan dami ba wuri ɗaya suke kwance a kowane mutum ba, kuskuren milimita 2 ko 3 na iya sa lantarkin ya bugi wata hanya dabam. Saboda haka wasu cibiyoyin tiyata kan zana hanyoyin majinyacin daga hoton motsin ruwansa kafin su zaɓi inda bakin wayar zai tsaya.