Fafutukar kare muhalli a Jihar Katsina

Fafutukar kare muhalli a Jihar Katsina ita ce ƙoƙarin da masana, ma'aikatan gandun daji, manoma da masu sarauta ke yi don hukuma ta gina dokokinta da kasafin kuɗinta a kan abin da bincike ya tabbatar game da itatuwa, ruwan sha, namun daji da sauyin yanayi. Ginshiƙinta awo ne: itace nawa aka dasa, nawa suka kai rani na biyu da rai, me ke cikin ruwan da jama'a ke sha. An ƙirƙiri jihar ranar 23 ga Satumba 1987 daga tsohuwar Jihar Kaduna. Ta arewa ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar, kuma ruwan sama na ƙara ƙaranci idan an baro Funtuwa an doshi Daura da Mai'aduwa.

Itatuwa da ƙasar noma

Farin da aka yi a farkon shekarun 1970, da wanda ya biyo baya a 1983 zuwa 1984, su suka sa aka ɗauki gurgusowar hamada da gaske a wannan yanki. A ƙarshen shekarun 1980 an fara wani babban aikin dashe da tallafin ƙasashen Turai, inda aka jera layukan bedi da turare don su karya ƙarfin iska. Daga baya Tarayyar Afirka ta amince da shirin katangar itatuwa daga yammacin nahiyar zuwa gabashinta a 2007, Najeriya ta kafa hukumar shirin a 2015, Katsina kuwa na cikin jihohi 11 da ya shafa.

Darasi mafi ƙarfi dai daga maƙwabta ya zo. A ƙasar Maraɗi, tun wajen 1983, manoma suka daina tumɓuke kututture lokacin sharar gona. Sukan zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi su bari, su sare sauran, abin da ake kira sassaben zamani. Saiwar ta riga ta yi nisa a ƙasa, don haka itacen ba ya neman ban ruwa. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa sun dawo a kan hekta kusan miliyan 5 a Nijar. Gawo ne sarkin wannan aiki. Yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana, ganyen ya zama taki, saiwarsa na ƙara wa ƙasa ƙarfi, da rani kuma 'ya'yansa abincin awaki da shanu ne. Manomin Daura ya san hatsin gindin gawo ya fi kyau tun kafin a auna, masana sun zo sun tabbatar masa da alƙaluma. Saboda haka masu fafutuka ke cewa a riƙa bayyana adadin itatuwan da suka rayu, domin dashen da aka yi da biki aka tafi aka bar wa akuya asarar kuɗin jama'a ne. Suna kuma neman a samar wa gidaje murhu mai tattalin itace, tunda itacen girki da gawayi ke cinye abin da aka raya.

Ingancin ruwa

Tarihin Daura kansa a bakin rijiya ya fara, wato Kusugu, kuma har yau ruwa ne babban zancen yankin. Jihar na dogaro da madatsun ruwa irin su Zoɓe kusa da Dutsin-Ma, wadda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaɗuwa, da Jibiya a kan kogin Gada, da Ajiwa mai shayar da birnin Katsina, da Sabke a ƙasar Daura, da Mairuwa da Gwaigwaye a Funtuwa. Idan an sare itatuwan bakin rafi, ruwan sama kan kwaso yashi ya zuba a madatsa har cikinta ya ragu. Takin zamani da maganin feshi na masu noman rani kan gangara cikin ruwa, masai da aka haƙa dab da rijiya kuma na kawo amai da gudawa. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya a bayyane yake: kada a sami ƙwayar cutar bahaya ko ɗaya a mililita 100 na ruwan sha, dalma kuma kada ta wuce miligiram 0.01 a lita. Abin da ake nema shi ne a riƙa gwada ruwan a kai a kai, a kuma sanar da jama'a sakamakon. Ambaliyar Jibiya ta Yulin 2018, wadda ta kashe fiye da mutum 40, ta ƙara nuna haɗarin gini a kan hanyar ruwa.

Namun daji

Dajin Rugu, wanda ya ratsa Safana, Batsari da Ɗanmusa, ya zama maɓoyar 'yan bindiga, abin da ya hana masu bincike da ma'aikatan daji shiga. A cikin gari kuwa, ɓacewar ungulu ce abin da kowane dattijo zai iya shaida. Da can ba a raba ta da mahauta. A 2015 aka sanya ta cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, sakamakon guba da farautarta don tsibbu. Rashinta na barin mushe ya daɗe a fili, ƙuda da karnuka su yi ta yaɗa cuta.

Doka

A Nuwamban 2021 Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa hannu a dokar sauyin yanayi ta ƙasa, bayan ya yi alkawari a taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya a Gilasgo cewa Najeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda ake janyewa daga iska nan da 2060. A Disamban shekarar Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don farfaɗo da ƙasar noma a jihohin arewa 19 da Abuja. Amma dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, gandun daji ma na ƙarƙashin jiha. Shi ya sa yawancin koke kan burtali, yanka gandun daji a mayar gonaki da kare bakin madatsu ke nufar gidan gwamnati da majalisar dokoki a Katsina, da kuma fadar hakimai da dagatai, waɗanda su ne ke fara jin labari idan gatari ya shiga daji.