Kasafin kuɗi mai rukunai kaɗan

Kasafin kuɗi mai rukunai kaɗan hanya ce ta tsara abin da mutum ko iyali ke samu da abin da suke kashewa, inda ake raba kuɗin shiga zuwa kashi biyu zuwa biyar kawai, maimakon jerin layi ashirin ko talatin da ke bin diddigin kowane sayayya. Masu wannan tsari suna kafa hujja da cewa amfanin kasafi yana ga shawarar da yake sa mutum ya yanke kafin kuɗi su fita daga hannunsa, kuma rukunin da ba ya canza shawarar kowa ƙarin wahalar rubutu ne kawai. Wanda ya san cewa saura kaza ya rage masa zuwa ƙarshen mako yana iya fasa sayen wani abu. Wanda ya san cewa a watan jiya ya kashe kaza wajen sabulu, kaza wajen man goge baki, ya san tarihi ne kurum.

Asali da sanannun tsare-tsare

A Japan, 'yar jarida Hani Motoko ta fitar da littafin lissafin gida a 1904, wanda ake kira kakebo. A yadda ake koyar da shi yau, rukunai huɗu ne: larura, sha'awa, abin da ya shafi ilimi da al'adu kamar littattafai, sai kuma abin da ya taso ba zato. Ana rubuta shi da hannu, kuma a farkon wata ake fara cire abin da aka yi niyyar ajiyewa.

Tsarin da ya fi yaɗuwa a zamanin nan shi ne na 50/30/20, wanda Elizabeth Warren, malamar shari'a a Jami'ar Harvard a lokacin, da 'yarta Amelia Warren Tyagi suka yaɗa a wani littafi da suka buga a Amurka a 2005. Ana lissafa shi a kan kuɗin da suka rage bayan an cire haraji: kashi 50 cikin 100 na buƙatun dole, kashi 30 na abubuwan sha'awa, kashi 20 na ajiya da rage bashi. Akwai wanda ya fi shi sauƙi, wato 80/20, inda ake ware kashi 20 ranar da kuɗi suka shigo, sauran kuma a kashe ba tare da wani rubutu ba. Akwai kuma tsarin ambulan, wanda ya girmi waɗannan alƙaluma: kowane rukuni da ambulan ɗinsa da tsabar kuɗi a ciki, in ya ƙare an daina kashewa a wannan fanni sai wata mai zuwa.

Masanin tattalin arziki Richard Thaler, wanda ya sami lambar yabo ta Nobel a 2017, ya yi nazari kan yadda mutane ke raba kuɗi gida-gida a cikin zuciyarsu, har su ƙi taɓa wanda suka sa wa suna “na haya” alhali suna watanda da wanda suka ɗauka “na banza” ne. Wannan ɗabi'a takan jawo kuskure, amma kasafi mai rukunai kaɗan da gangan yake amfani da ita.

Yadda ake kafa shi

Ana farawa da kuɗin da ke shiga hannu da gaske, bayan haraji da duk abin da ake cirewa tun daga tushe. Sannan a duba takardun banki da rasit na wata uku da suka wuce, domin wata ɗaya yana iya yin ƙarya. A wannan karo ɗaya kaɗai ake bin komai dalla-dalla, a jefa kowane abu cikin rukuninsa, a ga inda aka tsaya kafin a sa iyaka.

Abin da ke wahalar da mutane shi ne raba larura da sha'awa. Ma'aunin da ya fi aiki tambaya ce ɗaya: idan kuɗin shiga ya tsaya gobe, wannan abu za a ci gaba da biyansa? Haya, wuta da ruwa, abincin gida, magani, kuɗin zuwa wurin aiki, inshorar da doka ta wajabta, da mafi ƙarancin abin da yarjejeniyar bashi ta ce a biya kowane wata, duk larura ne. Cin abinci a waje, sabbin tufafi bayan ana da masu kyau, kuɗin kallo ta intanet, sha'awa ne. Wani abin yana da ƙafa ɗaya a kowane ɓangare, kamar waya: layi da ɗan abin da ake buƙata don aiki larura ne, ƙarin da ke kai sha'awa ne. A nan shawarar da ta fi ita ce a yanke hukunci sau ɗaya, a rubuta shi, a daina sake shari'ar kowane wata. Duk abin da aka biya sama da mafi ƙarancin bashi ana lissafa shi cikin ajiya, tunda yana rage nauyin gobe.

A ɗauki mai samun 3,000 a wata, ko da wane irin kuɗi ne. A tsarin 50/30/20, larura za ta ci 1,500, sha'awa 900, ajiya 600. Ranar da kuɗin suka shigo ake tura 600 ɗin wani asusu dabam, zai fi kyau wanda ba shi da katin cirewa, a kuma ba banki umarnin yin hakan da kansa. Kuɗin larura su zauna a asusun da ake biyan haya da sauransu daga ciki. Ragowar 900 su ne kaɗai adadin da mutum zai riƙa dubawa yau da gobe.

Galibi ana raba wannan ragowar mako-mako, domin kwana talatin ya yi wa ido nisa. A nan akwai tarko na lissafi. Wata ba mako huɗu ba ne cif; shekara tana da mako 52, wato kusan mako 4.33 a kowane wata. Wanda ya raba 900 gida huɗu zai ba kansa 225 a mako, wanda a shekara ya kai 11,700, alhali abin da ya ware 10,800 ne. Giɓin 900 ne, kason wata guda cur. Adadin da ya dace shi ne a ninka 900 sau 12 a raba da 52, a sami kusan 208.

Inda yake lalacewa

Babban abin da ke rusa wannan tsari shi ne kashe-kashen da ba sa zuwa kowane wata: sabunta lasisi, kuɗin makaranta, gyaran mota, canza tabarau, tafiya ta shekara. Mutane sukan kira su abin ba-zata, alhali yawancinsu an san suna tafe, rana ce kawai ba a riƙe ba. Maganinsu shi ne a tara jimlarsu ta shekara a raba da 12, a riƙa ware wannan kowane wata. Idan jimlar 1,800 ce, 150 ke nan a wata. Masu koyar da kasafi da yawa suna ba wannan rukuninsa na huɗu, kuma ya cancanci haka, domin idan aka cusa shi cikin ajiya, mutum zai ga asusu yana cika yana raguwa, ya kasa gane ko yana gaba ko baya. Asusun ko-ta-kwana kuwa daban yake: na rashin aiki ne ko rashin lafiya, kuma shawarar da aka saba bayarwa ita ce ya kai kuɗin larura na wata uku zuwa shida.

Matsala ta biyu ita ce ɗaukar 50/30/20 kamar doka. An tsara alƙaluman ne da iyalai masu matsakaicin samu a Amurka a zuciya. Tun 1857 masanin ƙididdiga ɗan Jamus Ernst Engel ya nuna cewa iya ƙarancin samun iyali, iya girman kason da abinci ke ci a cikinsa. Ga mai ƙaramin samu, ko mazaunin birnin da haya ta yi tsada, larura tana iya lashe kashi 70 ko fiye, kuma wannan ba sakaci ba ne. Irin wannan mutum zai fi amfana da 70/20/10, ko ma ya fara ajiye kashi 5, da ya riƙa bin adadin da ba zai taɓa cimma ba har ya watsar da tsarin gaba ɗaya. Lokacin hauhawar farashi ma iyakokin sukan tsufa da wuri, sai a sake duba su duk bayan wata uku.

Sai rukunin “sauran abubuwa”. Da zarar an buɗe shi, duk abin da mutum ba ya son ya kalla a fili can yake jefawa. Idan ya wuce kashi 5 zuwa 10 na kashe-kashe, alama ce cewa akwai wani abu a ciki da ya kamata a ciro a ba shi suna. Haka ake ƙara rukuni a wannan tsari: sai an ga inda kuɗi ke zurarewa, a keɓe shi na wata biyu ko uku, in ya daidaita a mayar da shi cikin uwarsa.

Katin bashi yana ɓata lissafi ta wata hanyar, domin abin da aka saya yau sai wata mai zuwa yake bayyana. Ana rubuta sayayyar ranar da aka yi ta, ba ranar da aka biya katin ba, in ba haka ba kason wata mai zuwa ya ƙare tun bai zo ba.

Masu samun da ba ya tsayawa wuri ɗaya

'Yan kasuwa, masu aikin kwangila da masu sana'ar hannu ba su da adadi ɗaya da za su raba. Abin da ake yi shi ne a duba wata shida ko goma sha biyu da suka wuce, a gina kasafin a kan watan da ya fi ƙarancin samu. Duk abin da ya shigo yana zuwa asusu ɗaya, daga nan mutum ya riƙa biyan kansa wannan adadi kamar albashi, rarar watannin albarka ta cike giɓin na ƙunci. Kuɗin sana'a da na gida ba sa haɗa asusu, kuma kason haraji ana cire shi tun kafin a fara rabon.

Bibiya

Minti goma a mako sun isa: a duba abin da ya rage a rukunin sha'awa, a kwatanta da kwanakin da suka rage. Littafi, takardar lissafi ta kwamfuta ko manhajar waya duk suna aiki, sai dai manhajoji da yawa suna zuwa da rukunai barkatai da ya kamata a haɗe su tun ranar farko. Idan wani rukuni ya ƙare kafin lokaci, ana ɗauko ciko daga sha'awa, a rubuta adadin da aka ɗauka. Idan hakan ya maimaitu wata uku a jere, iyakar ce aka sa ba daidai ba, sai a gyara ta bisa abin da rasit ya nuna.