Ruwan Sha a Karkarar Arewacin Jigawa

Arewacin Jihar Jigawa, wato ƙananan hukumomi irin su Maigatari, Babura, Gumel, Sule Tankarkar da Birniwa, yanki ne mai rairayi da ke fuskantar iyakar Jamhuriyar Nijar, kuma yana cikin yankunan Nijeriya da hamada ke matsa wa lamba. Damina a nan gajera ce, galibi daga Yuni zuwa Satumba. Sauran watannin shekara kuwa mutum da dabba duk ruwan ƙarƙashin ƙasa suke sha, domin tafki da kududdufi kan ƙafe tun kafin bazara ta kama.

Inda ruwan yake

Ƙasar Jigawa iri biyu ce. Wajen Dutse, Birnin Kudu da Kazaure dutse ne shimfiɗe a ƙasa, ruwa sai a tsagoginsa, shi ya sa akan haƙa burtsatse a tarar da ita a bushe. Arewa maso gabas kuwa, wajen Gumel da Haɗeja, yashi ne da yumɓu na kwarin Tafkin Chadi, wanda ke riƙe ruwa sosai. Sai dai ruwan yana iya yin nisa. A fadamun Kogin Haɗeja ruwan na kusa, amma a tudun arewa akwai rijiyoyin da sai an ɗaura igiyar wasaki a jikin jaki ko sa kafin a fito da shi. Madatsun Tiga (1974) da Challawa (1992) da ke Jihar Kano sun rage ambaliyar da kogin kan yi duk shekara, wadda ita ce ke sake cika ruwan ƙasa a fadamun.

Wa ke da alhakin me

Kafin zuwan hukumomi, rijiyar gari ta jama'a ce. Aikin gayya ke haƙa ta, dagaci ko bulama ya sa ranar yasa, ya kuma raba lokaci tsakanin matan gida da makiyaya. Burtsatse ta yawaita ne bayan farin 1973 da na 1984, musamman ta hannun hukumar raya karkara ta tsohuwar Jihar Kano, KNARDA, da kuma DFRRI, hukumar abinci, hanyoyi da raya karkara ta gwamnatin tarayya da aka kafa a 1986. An cire Jigawa daga Kano a 1991.

A yau aikin ya kasu uku a ƙarƙashin Ma'aikatar Albarkatun Ruwa ta jiha: Hukumar Ruwa na kula da manyan birane, STOWA na kula da ƙananan garuruwa, RUWASA kuma ƙauyuka. Rabon ya bi manufar ƙasa kan ruwan sha da tsafta ta shekarar 2000, wadda ta kira mazaunin da bai kai mutum 5,000 ba karkara, ta kuma tanadi lita 30 ga kowane mutum a rana, a wurin ɗiba da bai wuce mita 250 daga gida ba. Ta ce kuɗin ginawa tarayya ta ba da kashi 50, jiha 25, ƙaramar hukuma 20, jama'ar gari 5. Mafi yawan nauyin gyara da kulawa kuwa a wuyan jama'a ta ɗora shi.

A nan gizo ke saƙa. Haƙa burtsatse aiki ne na mako ɗaya ko biyu, kuma ba ya rasa mai so, domin akwai allo da suna da bikin buɗewa. Gyara ba shi da biki. Famfon tuƙa-tuƙa, samfurin India Mark III ne ko Afridev, yana da robobi da sanduna da ke cinyewa da yawan tuƙi. Robar ba ta da tsada, amma in babu kuɗi a ajiye, babu kuma mai sayar da ita sai a Gumel ko Kano, famfo kan yi watanni a tsaye, mutane su koma tsohuwar rijiya ko kududdufi. Don haka aka kafa kwamitin ruwa da tsafta a ƙauyuka, wanda ma'aikata ke kira WASHCOM, da shugaba da ma'aji da mata a ciki, aka kuma horar da makanikai a ƙananan hukumomi. Aikin kwamiti shi ne karɓar karo-karo, tsare wurin daga dabbobi da kiran mai gyara. Wasu garuruwan kan karɓa gida-gida duk wata, wasu a kan kowace jarka, wasu sai kaka, a ba da gero ko riɗi. Hanyar kaka ta fi dacewa da aljihun manomi. Kwamitin da ke karanta lissafinsa a ƙofar masallaci bayan Juma'a ya fi daɗewa, domin abin da ke kashe karo-karo zargi ne, ba talauci kaɗai ba. Akwai kuma tsohon tunanin nan na "ai famfon gwamnati ne", wanda 'yan siyasa ke ƙara wa ƙarfi duk lokacin da suka gyara kyauta gab da zaɓe.

Famfo mai aiki da hasken rana ya rage wahalar sayen man inji, ya kuma kawo tanki da kawunan famfo da yawa. Amma in ya lalace kuɗinsa ya fi ƙarfin karo-karo, kuma farantansa na jan hankalin ɓarayi, sai an ɗauki maigadi. Inda duk wannan ya gaza, 'yan garuwa ne ke cike giɓin da jarkokinsu masu lita 25 a kan kura, farashinsu kuma yakan hau da bazara.

Tattali a cikin gida

Wadda ta ɗauko ruwa a ka ba a koya mata tattalinsa. A yawancin gidaje randar sha daban take, a inuwa, a rufe da faifai, da moɗarta wadda ba a ajiye ta a ƙasa. Ruwa ɗaya kan yi aiki biyu ko uku: na wankin gero a ba tumaki, na ɗaurayar kwanuka a zuba wa zogale ko darbejiyar tsakar gida, na wanki a yayyafa kafin shara don ƙura ta kwanta. Wanka da bokiti da kofi ake yi, alwala da buta. Malamai kan tunatar cewa Annabi (SAW) yakan yi alwala da mudu ɗaya, abin da bai kai lita guda ba, wanka kuma da sa'i.

Da damina akan jera duro da baho a ƙarƙashin indararo ko bakin kwano, a bar ruwan farko ya wanke rufin kafin a tara. Ruwa mai laka akan jefa masa alif ko dakakken ƙwayar zogale ya kwanta, sannan a tace da ƙyalle. Wannan yana fitar da laka ne, bai kashe ƙwayoyin cuta, sai an tafasa ko an sa sinadarin kulorin. Tacewar ta yi rana a yaƙi da kurkunu, wadda aka tabbatar Nijeriya ta rabu da ita a 2013.

Tsafta

A 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Nijeriya da ta daina bahaya a fili. Yawaitar masai ta zo da tata ƙa'idar: a nesanta ramin da rijiya, musamman a fadama inda ruwa ke kusa. A shekarar ce kuma ambaliya ta shafe garuruwa da dama a jihar, ta shiga rijiyoyin da ba su da daɓe da murfi, waɗanda sai an yashe su an zuba magani kafin a koma sha.