Ma'ajiyar kekuna

Ma'ajiyar kekuna ƙarfe ne ko wani abu mai ƙwari da ake kafawa a bakin titi, kasuwa, makaranta ko masallaci domin mai keke ya jingina kekensa ya kuma ɗaure shi da sarƙa da kwaɗo. Aikinta biyu ne: ta riƙe keken kada ya faɗi, ta kuma hana a ɗauke shi cak a jefa bayan mota. A yawancin garuruwan karkara na Kano da Jigawa, gindin darbejiya da katangar gida da turken rumfa ne ke yin wannan aiki, ko kuma a miƙa keken ga mai jiran kekuna a ranar kasuwa, a biya shi ɗan abin da ya sawwaƙa, ya ba da lamba.

Ire-irenta

Tsohon samfuri shi ne mai kama da matsefi: sandunan ƙarfe a jere, a cusa ƙafar gaba ta keke a tsakaninsu. Yana da arha kuma kowane mai walda zai iya haɗa shi cikin yini guda, shi ya sa aka fi ganinsa a harabar makarantu. Illarsa ita ce ƙafar kawai yake riƙewa. Da iska ta kaɗa ko wani ya bangaji keken, duk nauyin sai ya koma kan gargaren ya lanƙwashe. Ɓarawo kuma ba ya shan wahala, ya kwance noti biyu ya tafi da keke, ya bar wa mai shi ƙafa ɗaya a ɗaure.

Samfurin da masu tsara birane suka fi yarda da shi bututun ƙarfe ne guda ɗaya da aka tanƙwara kamar ƙofa, ƙafafunsa biyu a binne a ƙasa. Ana kiransa da sunan garin Shefil na Ingila, inda ya fara yaɗuwa. Keke yana jingina da shi a wuri biyu, gaba da baya, kuma sarƙa ɗaya tana iya zagaye firam da ƙafa da ƙarfen a lokaci guda. Kowane ɗaya yana ɗaukar keke biyu, ɗaya ta kowane gefe. Birnin Toronto na Kanada ya shahara da wani salo na daban, turke guda da zobe a jikinsa. Hukumar sufuri ta birnin Niyok ta yi gasar zanen ma'ajiya a 2008, wani zobe mai sanda a tsakiya daga masu zane na birnin Kofanhagen na ƙasar Denmark ya yi nasara. A wuraren da kekuna suka yi yawa ƙwarai akan yi mai hawa biyu, kamar ta tashar jirgin ƙasa ta Utrecht a Holan, wadda aka kammala a 2019 kuma take ɗaukar keke kusan 12,500. Wannan ba abin da ƙauye ke buƙata ba ne.

Awo

Keken babban mutum tsawonsa ya kai kamar mita 1.8, faɗin kansa kuma kamar santimita 60. Daga nan ake fitar da sauran lissafin. Ƙarfen irin na Shefil yakan yi tsayin santimita 75 zuwa 80 daga ƙasa, tsawonsa daga santimita 70 zuwa mita ɗaya, kaurin bututun kamar santimita 5. Idan ya fi haka kauri, kwaɗo mai dogon baki ba zai zagaye shi ba, idan kuma ya yi siriri da yawa zarton ƙarfe zai cinye shi nan da nan. Tazarar da aka saba bari tsakanin ƙarfe da ƙarfe mita ɗaya ce, wasu su ƙara zuwa 1.2. Sannan a janye shi daga katanga fiye da rabin mita, domin ƙafar gaba ta samu wurin shiga. Filin da mota ɗaya za ta tsaya yakan ɗauki keke takwas zuwa goma.

Sai dai waɗannan alƙaluma an fitar da su ne da keken da ba ya ɗauke da komai sai mai shi. Keken karkara jaki ne. Wanda ya taho Wudil ranar Juma'a ko Maigatari ranar Alhamis zai ga keke da jarkoki rataye ta gefe biyu, wani da buhun gero a kwance a baya, wani da damin harawa ko kejin kaji wanda faɗinsa ya ninka na kan keken. Irin waɗannan Phoenix da Raleigh na ƙarfe, masu mazaunin kaya da maƙeri ya ƙara wa ƙarfi, ba za su shiga tazarar mita ɗaya su biyu ba. A bakin kasuwa gara a rage yawan ƙarafan a buɗa tsakaninsu, a kuma bar na gefe da fili sosai don masu lodi da kekunan guragu. Idan wuri ya matse, mutane kan bar shi su koma gindin bishiya, ƙarfen ya zama wurin shanya.

Wani bambancin kuma, yawancin waɗannan kekuna suna da abin tsayuwarsu a ƙafar baya da makullin da ke kame ƙafar. Ke nan mai su ba jingina ya rasa ba, turke ya rasa. Makullin baya yana hana a tuƙa keke, ba ya hana a ɗaga shi.

Kayan aiki da kafawa

Bututun ruwa mai rufin tutiya ya fi baƙin ƙarfe jure damina. Baƙin ƙarfe sai da fentin hana tsatsa, kuma sarƙa tana goge fentin a hankali, tsatsar ta fara daga nan. Wurin da aka yi walda shi ne ke fara ci, don zafin wuta yana ƙona rufin tutiyar, saboda haka tanƙwara bututu guda ya fi a yanka uku a haɗa kusurwa. Duk wani kaifi a goge shi, ko don babbar riga da hijabi.

Ana kafawa ta hanya biyu. Ko dai a ɗaure da noti a kan daɓen siminti, ko a binne ƙafafun cikin kankare zurfin santimita 25 zuwa 30, da ɗan guntun rodi a gicciye a gindi don kada a zare. Ta biyun ce ta dace da karkara, inda daɓe ba shi da yawa, kuma ƙarfen da sifana ke iya kwancewa ba ya daɗewa bai isa sikelin masu sayen gwangwan ba. Ƙasa ma tana da nata hukunci. A rairayin Gumel da Maigatari ramin na son ƙarin faɗi da zurfi, in ba haka ba turken ya riƙa girgiɗi. A lakar fadamun Haɗeja kuwa, wadda ke kumbura da damina ta tsattsage da rani, sai an ɗaga wurin da tsakuwa ko marmara don kada ruwa ya kwanta a gindin ƙarfen.

Inda babu kuɗin bututu, turaku na itace mai ƙwari da doguwar sanda a gicciye suna yin aiki, muddin an shafe gindinsu da baƙin mai saboda gara.

Wurin da ya dace

Mai keke yana son ya tsaya kusa da ƙofar inda zai shiga, kuma inda ido ke kai. Ma'ajiyar da aka kai bayan gini ko lungu, komai ƙarfinta, ta ba ɓarawo sarari ne ya yi aikinsa a natse. Kusa da mai shayi, mai faci ko ɗakin maigadi ya fi. Inuwa ma ba ƙawa ba ce a ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu: rana tana busar da taya da sirdi, ƙarfen kuma ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Rumfar kwano ko ta zana tana maganin wannan.

A kauce wa bakin kwata da hanyar amalanke da ta shanu. A masallacin Juma'a a lura da inda sahu ke kaiwa idan jama'a ta cika. Sannan a ware wa babura nasu wurin daban, don duk inda aka haɗa su, babur ne ke cinye fili, salansarsa mai zafi kuma tana daidai ƙaurin yaron da ya zo ciro kekensa.