Ma'anar "megawat": ƙarfin zuba ne, ba yawan abin da ya taru ba

Tun da Najeriya ta yanke mana kuran a watan Agusta na 2023, kalmar megawat ta shiga bakin kowa a Damagaram, daga rediyo har fadar shan shayi. Na ji daɗin haka, amma sai ka ji mai magana ya ce barajin Kandaji, madatsar ruwan da ke kan Kogin Kwara, zai ba da "megawat 130 a shekara". Wannan "a shekara" ita ke ci mini rai.

Wat sunan mutum ne, James Watt, ɗan Sikotilan da ya gyara injin tururi. Mega kuma miliyan. To megawat wat miliyan ɗaya ke nan, kuma ƙarfin wuta take aunawa a daidai wannan lokacin.

Mu mutanen Zinder bai kamata wannan ya rikita mu ba, don mun san wahalar ruwa. Tambayi kowane ga-ruwa. Akwai famfon da ke zuba da ƙarfi, bido ya cika kafin ka gama gaisuwa, amma awa biyu kawai yake kawo ruwa da tsakar dare. Akwai mai zubar siriri wanda ba ya ɗaukewa yini da kwana. Ga-ruwa ba ya ƙirga ƙarfin zuba, bido nawa ya kai gida yake ƙirgawa, don da su yake ciyar da iyali. Ƙarfin zuba shi ne megawat. Bidon da ya cika shi ne megawat-awa, wanda ƙaninsa kilowat-awa ke kan takardar kuɗin wutarka: ƙwan fitila mai wat 10 in ya yi awa 100 a kunne, ya sha kilowat-awa ɗaya.

Saboda haka 130 ɗin Kandaji, wanda marigayi Tandja Mamadou ya aza tubalinsa a 2008, iyakar abin da injinan za su iya ne in ruwa ya wadata. Ko a ƙasashen da gwamnati ke zuba kuɗi a binciken wutar teku haka abin yake. Tashar Rance ta Faransa, mai aiki da cikowa da janyewar teku tun 1966, megawat 240 ce a rubuce, amma in an haɗa shekara, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na haka take bayarwa.

Ni ina son Kandaji ƙwarai, na gaji da ganin hasken gidajenmu ya dogara da layin da ya taso daga Katsina. Shi ya sa nake roƙon 'yan jaridarmu, in an ce musu megawat kaza, su tambaya: a wane wata? Kogin Kwara yana ja da baya sosai daga Afrilu zuwa Yuni, lokacin da zafi ke hana barci kuma kowa ke neman fanka. A watan Yuni na 1985 ma, ruwan kogin tsayawa ya yi cak a Yamai.